Hoton haƙoran kare da kyanwa: a haddace kusurwa ko a bi inuwa?

Sabuwar Hannu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a ɗora ni a hanya. Wata uku ke nan da na fara ɗaukar hoton eksire na haƙoran karnuka da kyanwoyi, da ƙaramin injin nan na haƙori da sensa mai lamba 2, wato ɗan farantin da ake sawa a baki ya karɓi hoton. Turamen ƙasa ba sa ba ni wahala, sau ɗaya nake ɗauka su fito tas. Da na hau muƙamuƙin sama sai abin ya dagule. Jiya sau bakwai na ɗauki 208 na wani kare, wato babban turmin sama na hagu (a lambobin haƙora, jerin 100 sama dama ne, 200 sama hagu, 300 ƙasa hagu, 400 ƙasa dama, ana ƙirgawa daga gaba zuwa baya). A wani hoton saiwoyin sun miƙe kamar an ja roba, a wani sun dunƙule, wanda tsayinsa ya yi daidai kuma saiwoyin gaba biyu sun hau kan juna. Mai kula da barcin dabbar ta dubi agogo, ta dube ni. A kyanwa kuwa ƙashin kunci ne ke rufe min komai. Ina matsalar take?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Lamba uku za ki riƙe: 90, 45 da 20. Turamen ƙasa digiri 90, turamen sama 45, fiƙoƙi da haƙoran gaba 20. Ki kwantar da shi rub da ciki idan sama za ki ɗauka, rigingine idan ƙasa ce. Da haka nake gama bakin kare gaba ɗaya, haƙora 42, kafin a gama haɗa kayan wankin haƙori.

Ɗalibi Ajin Ƙarshe:
Yaya, mu 70 aka koya mana a fiƙoƙi, ba 20 ba. Wanne ne daidai?

Mai Lissafi:
Duk ɗaya ne. Wani daga fuskar sensa yake fara ƙirgensa, sai ya samu 70. Wani daga layin da ya tsaya cak a kan sensar yake farawa, sai ya samu 20. Haɗa su ka gani, 90 za su ba ka.

Dattijon Asibiti:
To kun ga abin da ya sa nake ja da haddar lamba. Ba a je ko'ina ba mutum biyu sun fara saɓani a kan 20 da 70. 'Yata, bari in ba ki abin daga tushe, in kin riƙe shi lambobin za su zo da kansu.

Turamen ƙasa suna yi miki sauƙi ne domin a nan sensa tana samun wurin shiga tsakanin harshe da muƙamuƙi, ta tsaya daura da haƙorin, kafaɗa da kafaɗa. Haske ya sauka a kansu duka a miƙe, hoto ya fito da ainihin tsayin haƙori. A duk bakin nan kaɗai ake samun wannan gatan. A sama ganɗa ce ta tare, ga ta kare da kyanwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da zurfin ta mutum. A gaban muƙamuƙin ƙasa kuma mahaɗar ƙasusuwan biyu ce ta tare. Dole sensa ta kwanta, haƙori yana tsaye a kanta.

Yanzu ki ɗauki haƙorin a matsayin sanda da aka kafa, sensa ita ce ƙasa, kan injin shi ne rana. Da tsakar rana inuwar sanda guntuwa ce. Da la'asar sakaliya ta yi tsawo har ta wuce sandar nesa. A tsakani akwai lokacin da inuwa da sanda suke yin kai ɗaya, shi muke nema. Hotonki da saiwa ta miƙe, kin sauke kan injin ƙasa da yawa, la'asar ta yi. Wanda ta dunƙule, kin ɗaga shi da yawa. Ƙa'idar ita ce ki dubi kusurwar da ke tsakanin tsawon haƙori da sensa, ki raba ta biyu a zuciyarki, ki sa haske ya faɗa a miƙe a kan layin rabon. Wani likitan haƙori ɗan ƙasar Folan, Antoni Cieszynski, ya bayyana ta tun 1907, shekara 12 kacal bayan Röntgen ya gano hasken a 1895. Injina sun canza, inuwa ba ta canza hali ba.

Mai Lissafi:
Ranka ya daɗe, ai lambobina daga nan suka fito. Turmin sama yana tsaye digiri 90 a kan sensa, rabinsa 45. Saiwar fiƙa ta kwanta baya, kusurwarta da sensa wajen 40, rabinta 20. An yi mana lissafin ne tun kafin mu shiga ɗaki. Me zai sa in tsaya ina zana layi a iska, dabba tana kwance cikin maganin barci?

Dattijon Asibiti:
Lissafin daidai ne, ban musa ba. Amma sai sharaɗi biyu sun cika: ganɗa ta kwanta daidai da tebur, sensa ma ta kwanta daidai da ganɗa. Ma'aunin da ke jikin kan injin da ƙasa yake aunawa, bai san inda kan karen ya karkata ba. Haɓa ta ɗan zame daga kan tawul, 45 ɗinka ya tashi daga aiki kai ba ka sani ba. Sannan kawo min karen Pug ko kyanwar Farisa, masu dunƙulallen fuska da haƙora a cunkushe wasu a juye, ka ce min lamba ɗaya za ta yi musu ta kuma yi wa Greyhound mai dogon baki. Wanda ya haddace lamba kawai, idan hoto ya ɓaci bai san ta ina zai gyara ba, sai ya yi ta dannawa. Sau bakwai ɗin nan da ta ce, daga nan suke.

Sabuwar Hannu:
Baba, wallahi kamar kana ɗakin. Ban taɓa duba ko kan ya daidaita ba, ina dai saita 45 in danna.

Nas Ɗin Tiyata:
Ni ce irin mai kallon agogon nan, don haka bari in sa baki. Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma a wurin aiki ga yadda na ga yana tafiya: a fara da lambar Mai Lissafi, a gyara da inuwar Baba. Kuma idan hoto ya ɓaci, abu ɗaya ake canzawa, ba uku ba. Tambaya uku nake sa sababbi su yi. Haƙorin da nake nema yana cikin hoton, har da milimita 2 zuwa 3 na ƙashi a bayan ƙarshen saiwa? In babu, sensa za a matsar, a bar kan injin. Akwai farin yanki mai lanƙwasa a gefe, inda haske bai taɓa ba? Bakin bututun kan injin ne bai rufe sensar ba, shi za a matsar, a bar kusurwar. Tsayi ne bai yi ba? Sai a taɓa kusurwa. Mai gaggawa yakan ture duka ukun lokaci ɗaya, ya gyara ɗaya ya ɓata biyu.

Wani abu kuma, mafi yawan hotunan da ake yanke ƙarshen saiwa, an cusa kan haƙorin ne tsakiyar sensa. Ki bar tsinin haƙori a can bakin sensar, sauran filin duka na saiwa ne.

Sabuwar Hannu:
Na gode Anti. To saiwoyin 208 da ke hawa kan juna fa?

Dattijon Asibiti:
Wannan ba laifinki ba ne, haka halittar haƙorin take. 108 da 208 saiwa uku gare su: ɗaya a baya, biyu a gaba. Na gaban ɗaya tana wajen kunci, ɗaya tana wajen ganɗa, a layi ɗaya. Idan kin harba daga gefe sak, dole ɗaya ta ɓoye a bayan 'yar uwarta. Ki bar tsayin kusurwar yadda yake, ki zagaya da kan injin wajen kunne kamar digiri 30, yana kallon gaba. Za su rabu.

Sanin wacce ce wacce kuma, gwada yanzu inda kike zaune. Ɗaga yatsa biyu a gaban idonki, ɗaya kusa ɗaya nesa, a layi ɗaya. Rufe ido ɗaya, ki kai kanki dama. Na nesan zai bi ki dama, na kusan ya tafi hagu. Saiwar ganɗa ita ce ta nesa da injin, don haka duk inda kan injin ya tafi tana bin sa. Kin koma wajen kunne, ita ma ta koma baya, sai ki gan ta a tsakiyar ukun. Kin koma wajen hanci, ta wuce gaba, ta kuncin ce a tsakiya.

Mai Lissafi:
Ni wajen kunnen na fi so. Idan ka zagayo ta hanci, saiwar baya takan hau kan 209, ka raba biyu ka rasa ɗaya.

Ɗalibi Ajin Ƙarshe:
Na gwada abin yatsun a ɗakin karatu har ana kallona. Ya zauna min yanzu.

Dattijon Asibiti:
Riƙe shi da kyau, zai fishe ka a wani wurin. A muƙamuƙin ƙasa na kare akwai ƙofar jijiya a ƙarƙashin 306 da 406. A hoto baƙin ɗigo ce, kuma idan ta faɗo daidai ƙarshen saiwa sai ka rantse ƙurji ne. Kafin ka ɗauko abin cire haƙori, juya kan injin kaɗan ka sake ɗauka. Ciwo na gaske yana manne da ƙarshen saiwar duk inda ka juya. Ƙofar jijiya kuwa za ta zame gefe. Na taɓa ganin lafiyayyen haƙori da aka cire saboda wannan ɗigon, kuma ba zan ɓoye muku ba, hannuna ne ya cire shi, shekarun farko.

Uwar Maguna:
Kun yi ta kare, ku ba ni wuri in yi ta kyanwa, don a nan lambar 45 take kunyata mutum. Ƙashin kuncin kyanwa ya bankaro waje, a digiri 45 inuwarsa tana sauka daidai kan saiwoyin 107 da 108. Hanya biyu na sani.

Ta farko, sensa tana cikin baki, ki sauke kan injin ƙasa, wajen digiri 30 daga tebur, hasken ya bi ta ƙarƙashin ƙashin. Saiwoyin za su ɗan yi tsawo, wato la'asar ɗin Baba, amma da gangan kika yi, kuma gara doguwar saiwa da ake gani da daidaitacciya da aka rufe.

Ta biyu, sensa a waje. Ki kwantar da kyanwar a gefe, ɓangaren da kike so yana ƙasa, sensa a kan tebur ƙarƙashin kuncin. A buɗe bakin, haske ya shigo a karkace ta cikinsa, ya kauce wa haƙoran da ke sama, ya faɗa kan na ƙasan. Hoton yakan fito da kyau sosai. Sai dai ki sa masa alama nan take, domin a juye yake fitowa idan aka gwada shi da na cikin baki. Ranar da kika manta, dama za ta zama hagu a fayil.

Ɗalibi Ajin Ƙarshe:
Wajen buɗe bakin, ba sai a sa ƙarfen nan mai sifirin tsakanin fiƙoƙi ba? Yana wangale shi sosai.

Uwar Maguna:
Kul! Ɗana, kar ka kusanci kyanwa da wannan ƙarfen. Babbar kyanwa jinin ƙwaƙwalwarta da na idonta ta jijiyar muƙamuƙin sama yake bi, ba kamar kare ba. Idan aka wangale bakin har ƙarshe aka bar shi, ƙashin muƙamuƙi yana matse jijiyar. Akwai rahoton da aka wallafa a 2012 kan kyanwoyi 20 da suka farka daga maganin barci ba sa gani, 16 daga cikinsu an sa musu abin buɗe baki. Wasu ganin ya dawo, wasu bai dawo ba. Ni murfin allura nake yankewa gajere in sa tsakanin fiƙoƙi, buɗi kaɗan, ina gama ɗauka in zare.

Nas Ɗin Tiyata:
Tunda an zo nan, Mai Lissafi, ina da magana a kan rub da ciki da rigingine ɗinka. Duk juyin da za a yi wa dabba, a fara cire bututun numfashi daga jikin injin maganin barci, a juya, a mayar. Maƙogwaron kyanwa ba ya son wasa, bututu ya murɗe a ciki ko a cika wa balan-balan ɗinsa iska, sai ya yage. Shi ya sa wasu likitocin suke barin dabbar a kwance a gefe, su gama ɓangare ɗaya sama da ƙasa, su juya sau ɗaya tak.

Mai Lissafi:
Gaskiya ne, Anti. Amma a kwanciyar gefe lambobin jikin injin ba sa aiki yadda aka saba, sai ka sake lissafi. Sabon hannu zai rikice.

Dattijon Asibiti:
Ka ga ka dawo gidana da ƙafarka.

Mai Lissafi:
Ban dawo ba tukuna, Baba, a bakin ƙofa nake. Har gobe ina cewa mai koyo ya fara da lamba. Wanda aka ce ya hango layin da babu shi, tsakanin saiwar da ba ya gani da sensar da ke cikin baki, ranar farko zai ce abin ya fi ƙarfinsa ya koma cire haƙori ba hoto. Wannan ya fi kowane karkataccen hoto muni.

Dattijon Asibiti:
A nan kam na ba ka. Binciken da Verstraete da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 1998 ya isa hujja. Sun ɗauki hoton baki gaba ɗaya, suka duba haƙoran da ido bai ga komai a jikinsu ba. An samu matsala mai muhimmanci a kashi 27.8 cikin ɗari na karnukan, da kashi 41.7 na kyanwoyin. Fiye da rabin haƙori yana binne a ƙashi. Saiwar 309 a ƙaramin kare takan kai har gindin muƙamuƙi, ka danna da ƙarfi ba ka gani ba ka karya shi. Karen Boxer da aka ce bai da 305, sau da yawa haƙorin yana nan kwance a ciki, jakar ruwa tana girma a kansa tana cin ƙashi.

Wani Baƙo:
Ku yi haƙuri in tambaya. Idan sensar ta ƙi zama, ba sai mataimaki ya sa safar dalma ya riƙe ta da yatsa ba? Daƙiƙa ɗaya ce ai.

Nas Ɗin Tiyata:
A'a, Malam. Safar dalma don hasken da ya warwatsu aka yi ta, ba don a sa hannu a bakin bututu ba. Kuma daƙiƙa ɗayan nan sau nawa ce a baki ɗaya, baki nawa a shekara? Dunƙulen auduga ko takardar goge hannu a cusa a bayan sensar, za ta zauna. Kowa ya ja baya kamar mita 2, ya tsaya a gefe ko ta bayan kan injin, tsakanin digiri 90 da 135 daga hanyar hasken, ba inda ya dosa ba. Idan kuma muƙamuƙi yana motsi har yana tura sensar, barcin ne bai yi nauyi ba, a gaya wa mai kula da shi. Kare ya datse sensa sau ɗaya, an gama da ita.

Sabuwar Hannu:
Ina ta rubutawa. Saura fiƙar sama ta babban kare, sensa lamba 2 ba ta ɗauke ta duka.

Mai Lissafi:
Ba za ta ɗauka ba. Ko ki samu farantin lamba 4 idan injin karanta hotonku yana karɓa, ko ki ɗauka biyu, kai daban saiwa daban. Kuma saiwar ta fi yadda kike zato nisa, ƙarshenta yana can saman 106 ko 206, don haka tura sensar baya. Kar ki harba daga gaba sak, saiwar za ta hau kan ƙananan turame. Zagayo gefe, tsakanin gaba da kunci.

Uwar Maguna:
Ƙari ɗaya kafin in tafi, 307 da 407 na kyanwa. Su ne zaizayewar haƙori ta fi fara kamawa, kuma suna dab da mahaɗar muƙamuƙi, sensa ba ta sauka ƙasa sosai a wurin. Idan kin tsaya a kan 90, saiwar gaba takan fita daga hoton. Ki bar sensar ta ɗan kwanta, ki sauko da kan injin ta wajen ƙasan haɓa, ki raba kusurwa. Dalilin nacewa shi ne hukuncin aikin a hoton yake. Idan siririn baƙin layin da ke kewaye saiwa yana nan, saiwar duka za a fitar. Idan ya ɓace, saiwa ta narke ta zama ƙashi, babu alamar ciwo a ƙarshenta, ana iya yanke kan haƙorin a rufe dasashi. Hoton da ya yanke rabin saiwa ba zai gaya miki ko ɗaya ba.

Dattijon Asibiti:
'Yata, aikin gida. Nemo ƙoƙon kan kare, ki sa farar takarda a ganɗa, ki kashe fitila ki haska da tocila. Ɗaga, sauke, zagaya, ki ga yadda inuwar fiƙa take yi. Babu ƙoƙon kai, fensir a tsaye kan takarda ma ya isa.

Sabuwar Hannu:
Salam, na dawo da rahoto. Daren jiya na yi na fensir da tocilar waya. Yau aka kawo kare mai karyayyen 108. Na tokare haɓarsa da tawul har ganɗa ta daidaita, na fara da 45. Hoton farko ya ɗan yi tsawo, na ɗaga kan injin kaɗan ban taɓa sensa ba, na biyu ya yi. Na uku na zagaya wajen kunne, saiwoyi uku suka fito, ta ganɗa a tsakiya, da baƙin da'ira a ƙarshen ta bayan. Kyanwar da ta biyo baya dai har yanzu ƙashin kuncin ya ci gefen 108, ina jin ban sauke sosai ba, tsoron tsawo ya hana ni.

Mai Lissafi:
A rubuta a ajiye: da 45 ta fara.

Dattijon Asibiti:
A ƙara a ƙasa: ba a 45 ta gama ba.

Uwar Maguna:
Ku bar yarinya ta yi aiki. Turo min hoton kyanwar in gani, ki faɗa min ko sensar a kwance take ko ta jingina da bututun numfashi. Sau da yawa bututun ne ke ɗaga gefenta ɗaya, sai a tura shi can ɗaya ɓangaren bakin kafin a saita.